Anti, karen maigidana zai haɗa ni faɗa da shi: kullum hanci a cushe, abinci kuma sai binnewa

Ga saƙon da wata ƙanwarmu ta turo:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana yana da karen gadi, namiji, shekararsa kamar 3, shi ya raine shi tun yana kwikwiyo. Toh an tura shi aiki wani gari yau sati uku, ya bar min kula da karen, ni kuma gaskiya ba wani sabo muka yi ba. Tunda ya tafi karen nan ya canza. In na zuba masa abinci sai ya ci kaɗan ya bari, ya koma tura kwanon da hanci yana goga hancin a ƙasa kamar mai turo ƙasa ya rufe, alhali siminti ne a wajen, har saman hancin ya ƙuje. In zai kwanta kuma sai ya ƙudundune ya cusa hanci ƙarƙashin jela, ko ya janyo tsohon takalmin maigida ya tura hanci ciki ya kwana a haka. Rannan na daka masa tsawa sai ya kwanta ya sa ƙafa ya rufe fuska kamar yasan bai kyauta ba. Na tura wa maigida hoton hancin ya hau ni da faɗa wai ko dukansa nayi ko ina barinsa da yunwa, ƙawata kuma tace kare in yana haka wani mugun abu yake gani a gidan. Wallahi bacci ya gagare ni. Raina ni yayi ne ko ciwo ne?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki fara shan ruwa ki kwantar da hankalinki tukunna, dan wallahi ina karanta saƙonki ina murmushi, ba dariya nake miki ba fa, sai dan duk abun da kika lissafa na gani da idona a jikin karnukan da na riƙe. Bai raina ki ba. Kuma ba wani mugun abu a gidanki, ƙawar taki ta faɗi abun da taji ana faɗa ne kawai, ki barta da shi kar kuyi musu. Maganar ciwo kuma zan zo kanta dan akwai wurin da ya kamata ki sa ido da gaske, amma a yadda kika bayyana ɗin nan ni abun da nake gani kare ne mai kewar ubangidansa, wanda kuma ake cika wa kwano fiye da yadda cikinsa yake so a yanzu.

Abun da ya rikita ki shine kin haɗa abu huɗu kin ɗaure su a ƙulli ɗaya saboda duk da hanci yake yinsu. Tura kwano daban, kwana da hanci a jela daban, takalmi daban, rufe fuska daban. Mu mutane komai da hannu muke yi, shi kuwa kare hancin nan shine hannunsa, shine idonsa, shine shebur ɗinsa, da shi yake gaisuwa da shi yake bincike. A cikin hancin mutum ƙwayoyin da ke kama wari basu wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, a wasu jinsin karnuka kuwa suna kaiwa miliyan 300, kinga ba ma a haɗa mu. In kika lura da hancinsa da kyau zaki ga wata 'yar tsaga a gefen kowace ƙofa, ta nan iskar da ya fitar take bi ta fice gefe dan kar ta kore warin da yake shaƙa ta gaba. Halittar da aka yi wa irin wannan kayan aiki ai dole komai nata ya bi ta hanci.

Bari in fara da na kwanon tunda shi ya fi ci miki rai, kuma shi ya jawo ƙujewar da ta jawo faɗan.

Ba ƙin abincinki yake ba, ajiya yake yi. Kare jikan kyarkeci ne, kuma a daji ba kullum ake samu ba, yau a kama babbar dabba aci har ciki ya ɗauka, gobe da jibi shiru. Toh in an ci an rage ba a barin ragowar a fili dan wasu su zo su kwashe, sai a tona rami a turbuɗe, ƙasa ta rufe warin, sanyinta kuma ya ɗan jinkirta ruɓewa. Kyarkeci yana yi, dila yana yi, yanyawa ma haka. Kuma ga abun da mutane da yawa basu lura da shi ba, tonon ramin da ƙafafun gaba ake yi, amma mayar da ƙasa da hanci ne. Kullum da hanci. Ba zaki ga kare ya rufe ajiyarsa da ƙafa yadda kyanwa take rufe kashinta ba, hanci yake sawa ya turo ƙasar daga nan ya turo daga can sannan ya danna ta ya daddale. Barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, shi ma naku abun da ya gada kenan ko da bai taɓa kwana da yunwa ba a rayuwarsa.

Na taɓa riƙe wata karya ja mai farin ƙirji, tsohuwa ce ma a lokacin, wata rana na ba ta ƙashi bayan ta ƙoshi na zauna ina kallonta. Ta ɗauka a baki ta zaga gidan ya kai sau uku tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ta je nan ta fasa ta je can ta fasa, can ta ajiye shi a lungun bayan ƙofa inda ba ko ƙwayar yashi, daɓe ne tas. Sai ta ja baya kamar taku ɗaya ta kwantar da kai ta fara sharo ƙasar da babu ita da saman hanci, daga dama, daga hagu, daga gaba, a nutse kamar mai aikin da za a biya ta, tana gamawa ta dangwala hancin a kan ƙashin sau biyu wai ta danne, ta tsaya ta duba, ta juya ta tafi abinta tana kaɗa jela. Ƙashi kuwa gashi nan a fili kowa na gani. Ita a wajenta ta binne, magana ta ƙare. Washegari na ga saman hancin ya yi ja ya ɗan saɓule, daidai inda baƙar fatar hancin take haɗuwa da gashi. Na tabbata nan ne naku ma ya ƙuje, ki je ki duba. Duka baya barin irin wannan shaida a wannan wuri, gogar siminti ce, kuma duk wanda ya daɗe da kare in ya nutsu ya kalla zai gane.

Toh me yasa sai yanzu, da can bai yi ba? Dan yanzu ne yake rage abinci. Kare mai jin yunwa baya ajiya, cinyewa yake ya lashe kwano. Wanda yake binnewa shine wanda aka ba fiye da buƙatarsa, ko wanda hankalinsa bai kwanta yaci a lokacin ba yana cewa bari in adana sai anjima. Naku duka biyun sun haɗu masa. Mutumin da ya saba da shi tun yana kwikwiyo ya ɓace ba sallama, dan shi kare ba a yi masa bayanin an tura mutum aiki, kawai ya wayi gari babu shi, cin abinci ya ragu kamar yadda kema in ranki ba daɗi loma bata wucewa. Ke kuma saboda tsoron kar ace kin bar amana da yunwa nasan ƙara cika kwanon kike, ƙila ma kina tsaye a kansa kina kallo ko zai ci. Kare da bai saba da mutum ba kuwa tsayuwar nan a kansa takura ce. Sai ya ci kaɗan ya rufe saura, ke kiga ya rage ki ƙara damuwa ki ƙara zubawa, haka kuke ta zagaye ku biyu. Abun dariyar ma shine wannan ɗabi'a da maigida ya ɗauka shaidar yunwa ce, ita ce babbar shaidar cewa abinci ya yi yawa.

Sai dai akwai wata tura kwano da ba ta ajiya ba, ita ce ta tashin zuciya, ki bambance su. Mai ajiya yana nan garau, yana haushi, yana zagaya gida, in kika miƙa masa ɗan nama zai cafke. Mai tashin zuciya yana zuwa ya sunsuna ya kawar da kai, yana ta lasar baki yana haɗiyar yawu, wani lokaci yawun na dalala, ko abun da ya fi so kika ba shi bazai kula ba, shi so yake warin ya bar gabansa shi yasa yake neman rufewa. Gwajin mai sauƙi ne ai, yanka guda na nama ya isa ya gaya miki wanne ne.

Na takalmi kuwa, Allah sarki. An ce in kaga kare yana sunsuna takalmi ɗauka zai yi, toh naku ya ɗauka ɗin amma ba dan ɓarna ba. Ƙafar mutum tana cikin inda ya fi yin zufa a jiki, takalmi kuma ba wanke shi ake yi kullum kamar riga ba, dan haka a duk gidan nan ba abun da ya riƙe ƙamshin maigidanki, ko in ce warinsa dai mu faɗi gaskiya, kamar tsohon takalmin nan. Ke in kewa ta dame ki waya kike ɗauka ki kalli hoto ko ki saurari tsohon saƙon murya, shi takalmin ne hotonsa. Akwai wani masani a jami'ar Emory ta Amurka, Gregory Berns, shi da abokan aikinsa suka koya wa karnuka 12 kwanciya shiru cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an yi musu allurar bacci ba, aka dinga kawo musu wari iri biyar, nasu na kansu, na karen da suka sani, na baƙon kare, na baƙon mutum, da na mutumin gidansu. Sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa in ana sa ran abu mai daɗi, warin mutumin gida ne ya fi tayar da shi, har fiye da na ɗan uwansu kare. A 2014 sakamakon ya fito. Kinga kenan ba tatsuniya bace, warin ubangidansa kaɗai yana sanyaya masa rai. Shi yasa ma in kare ya saba da mutum yake son cusa kai a hammatarsa ko tsakanin gwiwoyinsa, nan ne warin jiki ya fi ƙarfi.

Kar ki ƙwace takalmin. In ma yana tauna shi ne kina tsoron ya haɗiyi roba ko igiya, ki musanya masa da tsohuwar singileti ta maigida wadda ba a wanke ba, ki jefa masa a makwancinsa.

Na kwanciya da hanci a jela shi ne mafi sauƙi duka. Jikin kare ya fi namu ɗumi, zafinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya, kuma duk jikinsa gashi ne in banda kan hanci da tafin ƙafa. Hancin ga shi tsirara ga shi da laima, nan sanyi yake fara kamawa. In ya naɗe ya sa hanci ƙarƙashin jela ya rufe cikinsa inda gashi bai da yawa, numfashin da ya fitar kuma ya taru cikin gashin jelar ya ɗumama wanda zai shaƙa. Karnukan ƙasashen ƙanƙara irin su hoski na Saiberiya haka suke kwana a waje cikin dusar ƙanƙara, jela lulluɓe da fuska. Tun suna jarirai ma haka suka taso, kwikwiyo ana haihuwarsa ido a rufe kunne a toshe, sai ya kwana 10 zuwa 14 kafin ido ya buɗe, duk tsawon lokacin nan da hanci yake laluben ɗumin uwarsa ya cusa kai cikin 'yan uwansa. Har a 2020 masu bincike na jami'ar Lund a Suwidin da wasu a Hungari suka nuna cewa kan hancin kare yana iya jin ɗumin abu daga nesa ba sai ya taɓa ba. Toh cusa hanci a wuri mai ɗumi tun ranar farko shine ma'anar kwanciyar hankali a wajensa. In siminti yake kwana a kai ki shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo, inda iska bata bugawa, shikenan. Kuma babban kare yana iya yin awa 12 zuwa 14 yana bacci a kwana ɗaya, kar yawan kwanciyar ya tsorata ki, balle mai gadi da yake kwana a farke.

Yanzu wurin da zan ɗan ja miki kunne, a hankali dai. Tsawar nan ki daina. Kince ya rufe fuska kamar yasan bai kyauta ba, a'a ƙanwata, bai san komai ba, tsoro yaji. A tunaninsa aikin kirki yake yi yana adana abinci sai kawai matar da ke kawo kwano ta fashe da ihu, me zai fahimta? Wata masaniyar halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009 da karnuka 14. Mai kare zai hana karensa cin wani abu ya fita daga ɗakin, in ya dawo sai a gaya masa ko karen yaci ko bai ci ba, amma wani lokaci da gangan ake gaya masa ba daidai ba. Sai aka ga wannan fuskar ta mai laifi, sunkuyar da kai da kwantar da kunne da kawar da ido, bata da alaƙa da ko yaci ko bai ci ba, faɗan da aka yi masa ne yake jawo ta. Har ma waɗanda basu ci ba aka yi musu faɗa a banza su suka fi yin kalar tausayi. Wato fuskar nan roƙo ce, yana cewa ki yi haƙuri ni ba abokin faɗanki bane. In kika ci gaba da tsawa a lokacin cin abinci zai haɗa kwano da tashin hankali, cin ya ƙara raguwa, binnewa ta ƙaru. Kuma karen gadi da ke tsoron mutum ba abun wasa bane, wanda ya tsorata ya rasa hanyar gudu shi yake cizo.

Toh maganar ciwo. Ki saurara da kyau dan nan ne bana son sakaci.

Akwai wani abu da yake kama da cusa hanci amma sam ba shi bane. Kare ya tsaya a tsaye, ko a zaune, ya dafe goshinsa ko saman kansa da bango ko lungu ya danna ya tsaya a haka shiru, ba bacci yake ba ba wasa ba, ki kira shi kamar baya ji. Wannan ba a kwana da shi a gida. Alama ce ta matsala a ƙwaƙwalwa, ko hanta ta gaza guba ta taru a jini ta hau kai, ko ya ci guba irin ta ɓera ko maganin ƙwari, ko ya bugu a kai. In ya haɗa da zagaye wuri ɗaya, ko tangaɗi, ko karo da abubuwa kamar makaho, ko farfaɗiya, a ranar a kai shi likitan dabbobi ko da dare ne. Bambancin a bayyane yake, mai neman ɗumi jikinsa a sake yake kuma abu mai laushi yake nema, kina motsi zai ɗago ya kalle ki, wancan kuwa jiki a sandare, abu mai tauri yake dannawa.

Sai kuma goge fuska. In ba lokacin abinci kaɗai yake goga hanci ba, yini yake yi yana dirzar fuska a ƙasa yana kai ƙafa yana sosawa, toh wani abu ne ke damunsa a wurin. In da atishawa ba ƙaƙƙautawa kuma majina ta ƙofa ɗaya take fita, sau da yawa tsinken ciyawa ne ko ƙaya ta shige. In gefe ɗaya na fuska ya kumbura ƙarƙashin ido, baki na wari, yana tauna da ɓangare ɗaya, haƙori ne ya ruɓe, kuma mai ciwon haƙori shima yana zuwa kwano da marmari ya kasa ci. In haɓo yake yi ba tare da ya bugu ba ki duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu, akwai ciwon da kaska ke sawa mai hana jini daskarewa. In kuma majina ce mai kauri ta duka ƙofofin da kwantsa a ido da tari da zazzaɓi, akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira distemfa, har takan sa fatar hanci da tafin ƙafa suyi tauri, rigakafi ne maganinta. In yana hamma ko haki ki leƙa dasashinsa daga nesa, na lafiya ja-ja ne mai haske, in ya yi fari fat ko rawaya akwai matsala. Daga nesa nace, kar ki kai hannu bakin karen da baku saba ba.

Ki tambayi maigida yaushe aka yi masa allurar haukan kare, kuma ina katin yake. Ba dan ina zargin ita bace, abun da kika faɗa bai yi kama da ita ba ko kaɗan, amma duk wanda aka bar wa kare ya kamata ya san wannan. Cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara kuma kusan duka ta cizon kare ne. In ya taɓa cizonki ko ya yakushe ki har fata ta fashe, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ki wuce asibiti.

Busasshen hanci kuwa da ake cewa alamar ciwo ne, ba dole ba. Kare in ya tashi daga bacci hancinsa a bushe yake dan bai lasa ba, anjima kaɗan zai jiƙe.

In duk babu waɗannan, yana shan ruwa, yana kashi daidai ba gudawa ba amai, yana tashi yayi haushi in an taɓa ƙofa, toh ga abun da zaki yi daga gobe. Ki kira maigida ki tambaye shi ƙarfe nawa yake ba shi, a ina yake ajiye kwanon, wane irin abinci, kuma cikin me yake aunawa, dan zan iya rantsuwa akwai abun da ya canza a cikin huɗun nan ba tare da kin sani ba, kare kuwa ɗan sabo ne, ko matsar da kwano daga inda ya saba yana iya hana shi ci. Ki rage abun da kike zubawa ya koma kamar rabi ko kashi biyu cikin uku, sau biyu a rana, lokaci ɗaya kullum. Ki ajiye ki bar wajen gaba ɗaya, kar ki tsaya kar ki leƙo. Bayan minti 15 zuwa 20 ki dawo, in ya bar wajen ki ɗauke kwanon ko ya cinye ko bai cinye ba, kar ki ba shi komai sai lokaci na gaba, ruwa dai ya zauna a gabansa kullum. In ba ragowa ba abun binnewa. Kar ki ɗauke yana tsaye a kai fa, ki kira shi gefe ko ki jira ya matsa. Ki shimfiɗa tsohon buhu ko tsumma ƙarƙashin kwanon yadda ko ya yi sharar tasa laushi zai goga ba siminti ba. In ya yi kwana biyu cur bai sa komai a baki ba, ko ya yini ya kwana bai sha ruwa ba, wannan ya wuce kewa, likita.

Ƙujewar hancin in sama-sama ce da kanta zata warke cikin 'yan kwanaki da zarar ya daina gogawa. In zai tsaya miki ki ɗan goge da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in bazai tsaya ba ki ƙyale shi. Kar ki shafa man zafi ko Dettol ko wani man shafawa naki, duk abun da aka sa a hancin kare cikinsa zai tafi dan lashewa zai yi. Kuma dan Allah kar ki ba shi maganin ciwon jiki na mutane, su ibuprofen da farasitamol, wanda ke sauƙaƙa miki ciwon kai shi yana iya lalata masa ƙoda ko hanta ko ya huda masa ciki. In wurin ya kumbura ko ya fara ruwa ko ƙuda na binsa sai a nuna wa likita.

Sannan ki ɗan ba shi lokacinki, ba sai kin taɓa shi ba in bakya so. Ki ɗauko kujera da yamma ki zauna nesa kaɗan kina danna wayarki, ki juya masa gefe kar ki zuba masa ido, ki dinga yi masa magana da murya ƙasa. In akwai wanda ya saba fita da shi a samu ya zagaya da shi, karen da ya motsa jiki yafi cin abinci. Kina ma iya watsa masa 'yan gutsattsarin nama a tsakar gida ya bi da hanci yana tsinta, wannan aikin yana gajiyar da su yana kuma kwantar musu da hankali fiye da yadda zaki zata. Ranar da kika ga ya matso ya dangwala miki hanci a ƙafa ya ja baya, kar ki yi ihu, gaisuwa ce.

Shi kuma maigida, ban goyi bayan faɗan da ya yi miki ba, mutum ya bar miki aikin da ba naki ba kina ta fama sannan ya zarge ki da duka, bai kyauta ba kuma in ya dawo kina da damar gaya masa hakan cikin lalama. Amma ki duba ta ɓangarensa, yana nesa, hoton ciwo kawai ya gani ba tare da ya ga yadda aka yi ba, shima kewar ce ta fito ta hanyar faɗa. Kar ki tsaya rantse-rantse a waya. Gobe in kin ajiye kwanon ki laɓe ta taga ki ɗauki bidiyon karen yana sharar ƙasar tasa a kan siminti, da dare kuma ki ɗauko shi yana bacci da hanci cikin takalmin, ki tura masa su biyun a jere ba tare da kin rubuta komai ba. Bayan sati ɗaya ki sake rubuto min ki gaya min nawa yake ci yanzu da kuma yadda hancin yake.